Ga mai a tanki, ga inji da ƙishirwa

Wanda duk ya taɓa ratsa garejojin Agadas a jajibirin tashin motoci zuwa Kawar ya san abin da zan faɗa. Motocin Toyota ne reras, Hilux da Land Cruiser, waɗansu bisa jak, waɗansu bisa duwatsu. Mai walda na feshin wuta, bakanike na kwance ƙarƙashin mota ba a ganin kome nasa sai ƙafafu, yaran mota kuma na kai da kawowa da jarkoki da tiyo. Da wuya a sami motar da za ta fuskanci Tenere yadda kamfanin da ya ƙera ta ya sallamo ta. An ƙara mata ƙarafan ɗaukar nauyi, an kafa mata sandunan da fasinja za su riƙe, sa'an nan an taɓa hanyar da mai ke bi daga tanki zuwa inji: an ƙara tanki, an ƙara famfo, an yanke wannan tiyo an haɗa wancan.

A kan wannan aiki na ƙarshe nake so in yi magana da ku, ƴan uwa masu karatu, da kuma magabatan da sha'anin sufuri ke hannunsu. A ganina aikin nan tilas ne, ba ɓarna ba ne, ba kuma abin hanawa ba ne. Illarsa ɗaya, ana yin sa da ka, kowa da irin tasa dabara. Akasarin masu yin sa a bakin aiki suka koya, kuma ban taɓa ganin takardar da ta shimfiɗa masu ƙa'idarsa cikin harshen da suke ji ba. Alhali rayukan mutum ashirin ko fiye na rataye da ɗan tiyon da bai kai kaurin yatsa ba.

Mu fara da lissafi, domin shi ne ya haifi maganar. Daga Agadas zuwa Dirku tafiya ce ta fiye da kilomita 600, galibinta rairayi, kuma ba gidan mai a tsakani. Tankin Hilux lita 80 yake ci, ko ƙasa da haka kaɗan. Motar da ke shan lita 12 a kilomita 100 bisa kwalta, in ta shiga rairayi mai laushi da lodi har sama, tana iya shan kusan ninki biyu. Mu ɗauka lita 20 take sha: kilomita 600 sun cinye lita 120 ke nan, ba a sa ɓatan hanya ba, ba a sa kafewa ba, ba a sa komowa ba. Waɗansu Land Cruiser kan zo daga kamfani da tanki biyu, kowane lita 90, amma su ma ba su wadatar da mai zuwa Jado ko Cibarakaten. Saboda haka duk wanda ya ce kada a ƙara wa mota wurin zuba mai, cewa ya yi kada a je.

Zuwa kuwa ana yi, tun ba yau ba. Kafin mota, ayarin raƙuma ke kai hatsi Fashi da Bilma ya komo da gishiri da dabino, kuma madugu ya san yawan salkunan da za a ɗaura kafin a bar rijiya. A 1959 da 1960 manyan motocin Berliet na Faransa suka ratsa Tenere. A watan Janairu na 1979 tseren Paris zuwa Dakar na farko ya biyo ta Agadas, a 1997 ma garin ne ya zama maƙurar tseren, aka juyo daga nan aka koma Dakar. Daga 2014, da zinariya ta bayyana a Jado da Cibarakaten, dubban matasa suka kwarara arewa, motocin da ke jigilarsu da ruwansu da abincinsu suka yawaita ƙwarai. Hanyar ta zama hanyar abinci, amma ba ta daina zama Tenere ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, waɗanda suka taso daga Arlit. Ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. A 2017 mutum 44 suka rasu hakanan tsakanin Agadas da Dirku. A gari lalacewar mota ɓacin rana ne kurum. A can kuwa, tsayawar inji ita ce mafarin ƙidayar ruwan da ya saura a jarka. Abubuwan da ke tsayar da inji suna da yawa, amma yankewar mai na cikin waɗanda maganinsu ya fi sauƙi, in an san shi.

Ni kaina na ɗanɗana. Shekarun baya an tura ni tafintan wata tawaga zuwa Fashi da Bilma, cikin motoci biyu na haya. Mun wuce wurin Iccen Tenere, inda yanzu ƙarfe ke tsaye a madadin iccen da wata babbar mota ta kaɓe a 1973, muka shiga tuddan rairayi. Kan wani tudu mai tsawo, saura ƙiris mu kai ƙoli, sai injinmu ya yi tari sau biyu ya mutu. Muka gangaro da baya. Direba ya tayar, inji ya kama lafiya lau. Muka sake hawa, ya sake mutuwa a daidai wurin. Na duba allurar mai, tana nuna rubu'in tanki. Na ce, “Malam, ai ga mai nan.” Ya ce, “Yallaɓai, akwai shi, amma ba inda ake neman sa yake ba.” Ashe mai motar ya cire tankin kamfani ya sa wani dogo mai faɗi da aka yi masa da walda, cikinsa fayau ba shamaki, bakin da famfo ke tsotsa kuma yana can gaba. Da mota ta ɗaga kai, sai man ya tattara ya koma baya, famfo ya shiga shan iska. Sai da muka juye jarka biyu daga cikin ajiyarmu kana muka haye. Wato rubu'in tankin nan kaya ne kawai muke ɗauke da shi. Washegari famfon ya ƙone ƙurmus, kuma da ba don akwai wani a motar bayanmu ba, da labarin ya canza.

Abin da ya same mu ba tsautsayi ba ne, yana da dalili. Mai ruwa-ruwa ne, ba ya zama wuri ɗaya. In mota ta hau tudu ya koma baya, in ta gangara ya taho gaba, in ta bi gefen tudu ya kwanta ɓangare guda. Masu ƙera mota sun san haka, shi ya sa suke sa shamakai na ƙarfe cikin tanki domin su rage wa mai gudu, kuma a motocin zamani famfo na zaune ne cikin wani ɗan kofi a gindin tanki, wanda ke riƙe da mai ko da sauran ya gudu. Tankin da aka yi da walda a bakin hanya sau da yawa ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun nan. Daga waje ya fi na kamfani girma da kyan gani. Daga ciki akwati ne kurum.

Tsofaffin motoci masu kafireto sun fi haƙuri da wannan, domin kafireto na da ɗan kwanonsa da ke ajiye mai, famfonsa kuma inji ke juya shi, matsinsa bai kai rabin bar ba. Bar shi ne awon matsi, wanda masu gyaran taya ke ce wa kilo. Amma injin esansi na yanzu mai injekta yana bukatar mai ya zo masa da matsin bar 3 ko fiye, wato sama da iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota, kuma ba ya da ajiya ko ta cokali ɗaya. Da famfo ya sha iska, matsi ya faɗi nan take. In inji ya mutu, da sauƙi. Abin da ya fi muni shi ne ya ci gaba da aiki da ƙarancin mai a daidai lokacin da direba ya take shi iyakar takewa: wutar cikinsa ta yi zafi fiye da kima, har ta kan huda fistin. Shi kansa famfon lantarki, man da ke ratsa shi shi ke sanyaya shi, shi ke yi masa maiƙo. In ya yi ta juyawa a bushe, kwanansa ya ƙare. Injin gazuwal ma bai tsira ba. In iska ta shiga hanyarsa ba ya tashi sai an fitar da ita, famfonsa na injeksiyo kuma, wanda ya fi kome tsada a jikinsa, da gazuwal ɗin yake samun maiƙo.

To mene ne magani? Masu tseren mota sun daɗe da samo shi. Ƙaramin tanki ne da ake sakawa tsakanin babban tanki da inji, wanda Faransawa ke kira da sunan da ke nufin tanki mai shiga tsakani. Da yake aikina neman kalma ne, na daɗe ina juya abin da ya kamata mu kira shi da Hausa, sai na tuna da rijiyar makiyaya. Guga ba ya zuwa a jere. Ya kan fito cike, a juye, ya koma, a jira. Amma dabbobi ba su daina sha, domin ba daga guga suke sha ba, daga kwami suke sha. Kwami shi ke mai da ruwa mai yankewa ya zama mai ɗorewa. Wannan shi ne aikin ƙaramin tankin nan daidai, don haka zan kira shi kwamin mai. In kanikawa sun sami sunan da ya fi wannan, na bar masu.

Ga yadda yake. Gwangwani ne na alminiyom ko baƙin ƙarfe, mai cin lita ɗaya zuwa uku, dogo siriri, a tsaye. Tsawon nan da sirantar nan su ne asirinsa, domin kome karkatar mota, mai ba ya da inda za ya gudu ya bar gindinsa. Famfo biyu ke aiki da shi. Na farko mai ƙaramin matsi ne, shi ne guga: yana jawo mai daga babban tanki yana zubawa a kwami. Na biyu mai babban matsi ne, yana ɗiba daga gindin kwami yana turawa inji. Kwamin na da baki huɗu. Ɗaya a gindi, na famfo na biyu. Ɗaya daga sama, inda famfo na farko ke zubowa. Ɗaya kuma na man da inji bai sha ba ya komo. Na huɗu yana can ƙoli, ta nan rarar mai da duk iskar da ta shigo ke fita su koma babban tanki. Ke nan ko famfo na farko ya sha iska a kan tudu, iskar ta ƙoli za ta fice, inji kuwa na ci gaba da sha daga gindi.

A nan ne ake yin kuskuren da ya fi yawa, kuma ina roƙon kanikawa su tsaya su duba lissafin da kansu. Famfon inji na turo mai fiye da abin da inji ke sha nesa ba kusa ba. Saura komowa yake yi. In an mai da tiyon komowar nan cikin kwami, to abin da ke raguwa a kwami shi ne abin da inji ya ƙona kaɗai. Injin da ke shan lita 40 a awa, lita 2 za ta riƙe shi minti 3, kuma ba tudun da ake minti 3 ana hawansa da ƙafa a ƙasa. Amma in aka bar tiyon komowa yana zuba a babban tanki yadda yake da, famfon da ke tura lita 120 a awa za ya kwashe lita 2 ɗin nan cikin minti ɗaya. An kashe kuɗi, an sayi kwami, an bar shi da huda. Kuskure na biyu shi ne a sa wa bakin ƙoli tiyon da ya fi na shigowa ƙanƙanta. Sai mai ya rasa mafita, matsi ya taru cikin gwangwanin da ba a yi shi don matsi ba.

Kada a ɗauka cewa nake kowace mota sai ta sa kwami. A'a. Wanda tankinsa na kamfani ke nan lafiya, shawarata gare shi kada ya taɓa shi. Ya ƙara tanki na biyu, ya sa ƙaramin famfo mai juye mai daga na biyun zuwa na farkon, da makunni da ƴar fitila a gaban direba domin kada ya manta shi a kunne har tanki ya yi ambaliya. Wannan ya fi araha, ya fi sauƙin gyara, kuma in famfon juyewar ya mutu, ana iya juyewa da hannu a ci gaba da tafiya. Kwami na wanda ya canza babban tanki ne, ko wanda ya ɗora sabon inji mai injekta a tsohuwar mota mai kafireto, abin da ake yi da yawa a garejojinmu. Kowane famfo da aka ƙara, an ƙara abin da ke iya lalacewa. Mai famfo biyu sai ya riƙe na canji biyu.

Sai maganar wurin da ake ɗaura famfo. Famfon lantarki gwanin turawa ne, rago ne wajen tsotsa. Wurinsa kusa da tanki, ƙasa-ƙasa, inda mai za ya gangaro masa da kansa. Na sha ganin an ɗaure shi can cikin ɗakin inji don sauƙin kai hannu, a bar shi yana jan mai daga nisan mita uku. A ƙasa mai sanyi wataƙila a sha. A Agadas kuwa, inda zafin watan Mayu ke haura digiri 40 a inuwa, esansi ba ya jira: sassansa marasa nauyi na fara zama tururi tun zafi bai kai haka ba, kuma tsotso na ƙara hanzarta abin. Sai tiyo ya cika da tururi, mota ta mutu da tsakar rana, ta tashi da la'asar kamar ba ita ba, mutane su ce aljanun wurin ne. Ba aljani ba ne, tiyo ne aka bi da shi kusa da salansa.

Mataci ma biyu ake so, mai manyan ƙofofi kafin famfo domin ya tare yashi da tsatsa ba tare da ya shaƙe shi ba, da mai ƙananan ƙofofi bayan famfo domin ya kare injekta. Mu faɗi gaskiya, ba duk man da ke shiga motocin arewa ne ya fito daga matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, ya biyo ta hannun SONIDEP ba. Mai yawa daga Libiya da Aljeriya yake zuwa, ya kwana a ganga, a juye a jarka, a sake juyewa da mazurari cikin iska mai ƙura. Irin wannan ba ya rasa yashi da ruwa. Sababbin injinan gazuwal, waɗanda matsinsu ke haura bar 1,500, ba su yafe ɗigon ruwa, don haka matacin da ke raba ruwa da gazuwal ba ado ba ne.

Duk wannan maganar tsayawar mota ce. Akwai wadda ta fi ta, ita ce gobara. Gazuwal ba ya kama wuta da sauƙi sai ya yi zafi sama da digiri 55, amma esansi na fitar da tururi mai kamawa ko cikin sanyin hunturu, tururin kuma ya fi iska nauyi, kwanciya yake yi a ƙasan mota yana jiran tartsatsi. Yanzu a dubi abin da ake yi. Ana ɗauko tiyon ruwa, irin fari mai nuna ciki da ake ban ruwan lambu da shi, a sa a hanyar esansi, a ɗaure bakinsa da waya. Esansi na cin irin wannan roba. Ta kan yi tauri ta tsage. In ta tsage bayan famfo mai matsin bar 3, ba ɗiga take yi ba, feshi take yi. Ana kuma jawo wa famfo wuta da siririyar waya kai tsaye daga batir, ba fis, ba rale, a murɗa da hannu a naɗe da leda. Mafi haɗari duka, a haɗa shi yadda za ya yi ta aiki muddin makulli na buɗe. Motar kamfani, in inji ya tsaya, famfonta tsayawa yake yi bayan daƙiƙa kaɗan. Motar da aka haɗa da ka kuwa, in ta kife a gangaren tudu, direba ya suma, famfo na nan na ta kwarara mai bisa inji mai zafi da mutanen da ke ƙarƙashi. Abin da ke hana wannan ɗan makunni ne mai bin matsin baƙin mai, ko mai yanke wuta in an yi karo, kuma ba ya cikin kayan mota masu tsada. Araha dai ba ta ado.

A ƙara da cewa mai na kumbura da zafi. Gangar lita 200 da aka cika maƙil da asuba, in zafinta ya ƙaru da digiri 20, man ya ƙaru da kusan lita 4, kuma sai ya nemi mafita. Kowane tanki na son sarari a samansa da kafar numfashi mai fita waje, nesa da mutane da salansa, mai ɗan bawul da ke rufewa in mota ta kife. Nauyi ma abin lura ne, domin lita 200 ta esansi ta kai kilo 150, ta gazuwal ta kusa 170, kuma in an ɗora ta sama sai motar ta yi saurin faɗuwa a gefen tudu. Dokar masu tsere ta tilasta a raba tanki da mazaunin mutane da bango wanda mai da wuta ba su ratsawa, alhali mutum biyu ko uku ne a motar, da hular kwano da rigar da ba ta cin wuta. Mu kuwa muna zaunar da mutum ashirin bisa jarkoki, wani ma da taba a baki. Kwami ko famfo ba su da wurin zama cikin ɗakin direba ko inda fasinja ke zaune, ko da kuwa nan ne ya fi sauƙin ɗaurawa. Masu walda kuma sun fi ni sanin cewa tankin esansi da aka juye ya fi cikakke haɗari. Ba a kai masa wuta sai an wanke shi sarai an cika shi da ruwa.

Na san abin da waɗansu ma'aikata za su ce. Za su ce motar da ke iya tafiyar kilomita dubu ba ta nemi mai ba, ita ce motar ɗan sumoga da ɗan fashi, don haka koyar da wannan aiki taimakon ɓarayi ne. Damuwar tana da tushe, ba na raina ta. Amma ɗan fashi ba ya jiran darasinmu, yana da kuɗin da za ya ɗauki bakaniken da ya fi kowa. Wanda rashin sani ke kashewa shi ne talakan da ya biya kuɗin mota zuwa wurin zinariya, da matar da za ta ga danginta a Bilma. Mun kuma ga abin da tsanani ya haifar. Dokar 2015-36 da ta hana jigilar baƙin haure, wadda aka fara zartarwa sosai a 2016, ba ta tsayar da motoci ba. Ta kore su ne daga babbar hanya mai rijiyoyi da rakiyar soja, suka koma zagaye ta inda ba kowa, tafiya ta ƙara tsawo, bukatar mai ta ƙaru. An soke dokar a watan Nuwamba na 2023. Abin da aka hana a sarari, a ɓoye ake yin sa, kuma aikin ɓoye ba mai duba shi.

Direbobi su ma suna da tasu ƙorafin: duk sabuwar ƙa'ida, in ji su, sabon shinge ne da sabon dalilin miƙa hannu. Wannan ma gaskiya ce da ba a faɗi da ƙarfi. Shi ya sa ba tara nake nema a ƙirƙiro ba. Abin da nake nema shi ne, lokacin binciken lafiyar mota da doka ta riga ta tanada, mai binciken ya leƙa ƙarƙashi ya dubi hanyar mai, ba fitilu da birki kaɗai ba, kuma a rubuta ƙarin tankin a takardun motar, yadda direban da ya yi aikinsa bisa ƙa'ida za ya sami abin nunawa a shinge a bar shi ya wuce. Ƙa'idar da ke kare mai bin ta, ita ake bi.

Kafin bincike kuwa sai koyarwa, don ba a tuhumar mutum da abin da ba a sanar da shi ba. Agadas ba ta rasa masana ba. Ga makarantar ma'adinai ta EMAIR da ke horar da masu kula da injuna, ga cibiyoyin koyon sana'a, ga asusun FAFPA da aka kafa domin horar da masu sana'a da almajiransu, ga hukumar ANISER mai kula da kiyaye haɗurran hanya. Kwas na kwana kaɗan ya isa, a gareji, da mota a gaba, a haɗa malamin makaranta da tsofaffin kanikawan da suka san rairayi fiye da shi, kowa ya ƙaru da wani. Sa'an nan a buga ɗan littafi mai zane, shafi goma ko goma sha biyu, mai nuna baki huɗun kwami da inda kowane tiyo ke zuwa, da yadda ake gane tiyon mai daga rubutun da ke jikinsa. Tun watan Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa, sai a fara da ita. Amma wanda ya san tashar Agadas ya san tilas a yi shi da Tamajak da Tubanci da Larabci, a kuma karanta shi a gidajen rediyo saboda waɗanda ba su yi yaƙi da jahilci ba tukuna.

Kafin hukuma ta motsa, akwai gwajin da kowane mai mota ke iya yi, ba ya cin ko dala. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyu ko uku kafin tashi, a bar rubu'in mai a tanki, a yi wa motar lodi, a fita bayan gari da tsakar rana a sami tudu ko gangaren kwari, a hau shi ta gaba, a hau shi da baya, a bi gefensa ta dama da ta hagu. In inji ya yi tari, hanyar mai na da magana. Daga nan a kashe inji a bar makulli a buɗe, a kasa kunne: in famfo ya ci gaba da kuka, a koma wurin mai haɗa waya. A ƙarshe a shimfiɗa kwali ƙarƙashin motar ta kwana a kai, da safe a duba kwalin, a kuma shinshina.